Hukuncin Mai Karatu: Daga Shagon Haya Zuwa Zauren Waya

A shekarun 1990, wanda yake son sanin littafin Hausa da ya karɓu a unguwa ba sai ya tambayi malamin jami'a ko ya buɗe jarida ba. Shagon haya ya ishe shi. A Kano da Zariya da Katsina da Gusau akan sami ɗan shago ko tebur a bakin lungu, an jera littattafai ko an rataye su a igiya, mai shagon na riƙe da littafin rubutu inda yake sa sunan wanda ya ɗauka da ranar da zai dawo da shi. Littafin da bangonsa ya yage har aka liƙe da salatif, gefen takardunsa ya yi baƙi saboda yawan hannu, wani shafin da ɗigon manja, wani da jirwayen lalle, to wannan shi ne gwani. Wanda kuwa yake nan fes kamar yau ya baro maɗaba'a, masu karatu sun riga sun yanke masa hukunci ba tare da kowa ya ce uffan ba.

Yawancin masu wannan hukunci ba sa zuwa shagon da ƙafarsu. Matan aure ne a cikin gidaje da 'yan mata masu aiken ƙanne. Yaro zai zo da littafi a leda da saƙo a baki: an ce a gaishe ka, an ce wannan bai yi daɗi ba, a ba da wani, ko kuma an ce in na biyunsa ya fito a ajiye mata, kada a ba kowa. Mai shago yana tara irin waɗannan saƙonni a kansa, ranar da ya shiga kasuwa sari sai ya juye wa dila. Dilan shi ke gaya wa marubuci ko ya koma maɗaba'a ya ƙaro kwafi, ko ya yi haƙuri da tulin da ke jibge a ƙasan kanta. Ta wannan doguwar hanya ra'ayin matar da ba ta taɓa ganin marubucin ba yake isa gare shi. Abu guda ya haɗa duk masu aiko da saƙon: sun karanta abin da ke hannunsu har shafin ƙarshe kafin su buɗe baki.

Wannan matsayi da mai karatu ya samu sabon abu ne a tarihin ƙagaggen labarin Hausa. A 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya zaga garuruwa yana neman malamai su rubuta labarai da boko, shi da hukumarsa ne alƙalai. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. An tace su, an buga, an kai makarantu. Ɗalibin da aka miƙa wa Ruwan Bagaja ya ji daɗinsa ƙwarai, amma ba wanda ya tambaye shi. Shekaru arba'in da wani abu bayan haka ma tsarin bai sauya ba: gasar da kamfanin buga littattafai na NNPC ya shirya ita ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980, wata gasar kuma ta fito da irin su Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982. Littattafai ne masu nauyi, sai dai kwamiti ne ya ce suna da kyau, hukumar jarrabawa ta sa hannu, mai karatu ya karɓa.

Abubuwa biyu suka kwance wannan ƙulli. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka fara a 1976, tare da azuzuwan yaƙi da jahilci, sun samar da ɗimbin matasa da matan aure masu iya karanta Hausar boko. A daidai lokacin kuma tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta kaɗai. Ga masu karatu, babu abin karantawa. Sai matasa suka fara haɗa kuɗinsu suna kai rubutu ƙananan maɗaba'u. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko, sannan ga Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da sauran 'yan ƙungiyar Raina Kama, daga baya ga su Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Bala Anas Babinlata. Wanda ya buga littafi da kuɗin aljihunsa ba shi da kwamitin da zai fake a bayansa. In masu karatu suka juya baya, jarinsa ya nutse.

Shi ya sa marubutan wancan zamani suke sa adireshinsu a cikin littafi, su roƙi gyara da shawara. Wasiƙu kuwa sun riƙa zuwa, wasu marubutan har sukan buga kaɗan daga ciki a littafi na gaba, tare da dogon jerin gaishe-gaishe ga masoya na garuruwa daban-daban, har da na ƙetaren iyaka a Nijar. A duba abin da wasiƙa take ci kafin ta isa. Sai an gama littafin, an kwana da shi a rai, an nemi takarda da biro, an sayi ambulan da kan sarki, an sami mai kaiwa gidan waya. Fushin da ya tashi a shafi na talatin ya huce kafin nan, ko kuma labarin da kansa ya ba da amsarsa a shafi na tamanin. Abin da ya rage har ya hau takarda shi ne abin da ya zauna wa mutum da gaske. Wanda ya karanta littafin In Da So Da Ƙauna ya rubuto wasiƙa, ba kan jarumansa Sumayya da Muhammad kaɗai yake magana ba; sau da yawa labarin kansa yake bayarwa, ko na 'yar'uwarsa da aka yi wa auren dole, yana neman a ba shi shawara.

Masana ma sun yi nasu hukuncin, cikin zafi. A farkon shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya soki waɗannan littattafai a jaridar Nasiha, ya kira su adabin kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan kasuwar Onica. Zuwa ƙarshen shekarun muhawarar ta koma shafin adabi na jaridar New Nigerian ta ƙarshen mako wanda Ibrahim Sheme yake kula da shi, inda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka tsaya kan cewa adabi ne na zamaninsa, kuma ya cancanci nazari. An yi muhawara mai amfani, har yau ɗalibai suna cin gajiyarta. Amma babban ɓangarenta da Ingilishi aka yi, a shafukan da masu aiken yara shagon haya ba sa gani. Ana shari'a a kan abin da suke karantawa, su kuwa suna can suna jiran na uku ya fito. A 2007 hukuma ta shigo da nata ra'ayin da ashana, lokacin da aka ƙona tarin littattafai a wata makarantar 'yan mata a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, daga baya kuma Hukumar Tace Fina-finai ta matsa wa marubuta su yi rajista. Duk wannan bai hana littafin da ya yi daɗi yawo daga ɗaki zuwa ɗaki ba.

Abin da sukar masana da ashana suka kasa, wayar hannu ta yi shi cikin ruwan sanyi. Bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001, lamba ta maye gurbin akwatin gidan waya a bangon littafi. Gidajen rediyo masu karanta littattafai suka buɗe layi, masu sauraro suna bugowa suna faɗin wanda ya kyauta da wanda ya yi zalunci a cikin labari, kamar maƙwabtansu ake magana. Daga nan sai Facebook, sai Wattpad, sai OkadaBooks wanda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafai a kansa kafin a rufe shi a 2023, sai tashoshin YouTube masu karanta labari da murya, sai kuma uwa uba zaurukan WhatsApp. Shagunan haya suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma cajin waya da tura fina-finai.

An sami alheri a wannan sauyi, kuma bai kamata a rage masa daraja ba. Yarinyar da ke wani ƙauye a Jigawa ko Zamfara, wadda a da ba ta da kuɗin maɗaba'a kuma ba ta san ko dila ɗaya ba, yau tana iya rubuta labari a wayarta, kafin gari ya waye an karanta shi a Yamai da Kumasi da Jidda. Mai karatun da a da sai ta hanyar ɗan aike ake jin ta, yanzu tana magana da marubuciya baki da baki. In an yi kuskure a hukuncin idda ko rabon gado, ko an kwatanta aikin asibiti ba yadda yake ba, cikin masu karatu akwai malama, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai lauya, nan take za su gyara. Marubucin da bai da edita ya sami ɗaruruwan idanu kyauta.

Sai dai wani abu ya sauya wanda ba a cika lura da shi ba, wato lokacin da ake yin hukuncin. A zauren WhatsApp ba a jiran littafi ya ƙare, domin shi kansa littafin ba a gama rubuta shi ba. Marubuciya takan saki shafi ɗaya ko biyu a rana, sau da yawa abin da ta rubuta a daren jiya. Kafin awa guda sharhi ya cika zaure. Wannan ta ce wallahi in aka bar kishiyar nan ta ci bulus ta daina karantawa. Waccan ta ce don Allah Anti kada ki kashe mana shi. Wata ta ce a haɗa jarumar da yayan ƙawarta, sun fi dacewa. Masu karatu sukan rabu gida biyu, kowane ɓangare da gwaninsa, har a kai ga gaya wa juna magana. Marubuciyar ma takan ce in ba ta ga sharhi ba, ba za ta ci gaba ba. Idan littafin na kuɗi ne, bayan shafukan kyauta sai an tura 'yan ɗaruruwan naira kafin a shiga zauren da ake ƙarasawa, wanda ya biya kuwa yana ganin yana da ta cewa a kan makomar kowa a cikin labarin.

Wani zai ce ai a da ma haka ne, tunda littattafan kashi-kashi suke fitowa, na ɗaya, na biyu, na uku, kuma kuɗin na ɗaya ake juyawa a buga na biyu. Gaskiya ne, kuma ba shakka ra'ayin kasuwa yakan shiga tsakani. Amma tsakanin kashi da kashi akwai watanni, ra'ayin kuma yana isowa ne a tace, ta bakin dila ko cikin ambulan. Marubuci yana da sararin da zai saurara, ya auna, ya ƙi. Yanzu tazarar ta koma awoyi, masu maganar kuma suna cikin wayar da ake rubutun da ita. Abin ya zama kamar mai girki da mutanen gida suka kewaye ta a madafa, kowa na buɗe tukunya yana ɗanɗanawa, wannan ya ce a ƙara gishiri, wancan ya ce a ƙara yaji. Za a ci abincin, wataƙila ma a yaba, amma da wuya a ce ga hannun wadda ta dafa.

Alamun haka suna nan a cikin rubutun. Labari yakan yi tsawon da ya wuce ƙima, domin muddin zaure na tafasa babu dalilin rufewa. Kowane shafi sai ya ƙare da abin tayar da hankali, mari ko suma ko saki ko hatsarin mota, saboda shafin da aka yi shi don shimfiɗa ba ya jawo sharhi. Mugu sai ya zama mugu tsantsa, domin masu karatu suna son wanda za su tsine wa, ba wanda zai sa su rasa abin cewa ba. Ƙarshe kuma kusan kullum shi ne wanda mafi rinjaye suka nema.

A ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, daga baya Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Alhaji Abdu ya wulaƙanta matarsa Rabi, ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Rabi ta tsaya da ƙafarta, ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaranta, 'yarta Saudatu ta yi aure na rufin asiri. Shi kuwa Alhaji duniya ta juya masa baya. A nan duk mai karatu yake son a tsaya, a bar Rabi ta ci guminta cikin kwanciyar hankali. Amma marubuciyar ba ta tsaya ba: mazan da ke kewaye da Rabi suka taru suka matsa mata ta koma wa mutumin da ya tozarta ta. Wannan ƙarshe yana da ɗaci, kuma a cikin ɗacin nan ƙarfin littafin yake, domin ya nuna cewa ko mace ta yi nasara, ba ita ke da kalmar ƙarshe a kan rayuwarta ba. Da a zaure aka rubuta shi shafi-shafi, da wuya masu sharhi su bari a kai nan. Za su yi ca, a sauya, kowa ya ji sanyi, a kuma manta da littafin bayan mako biyu. Mutane suna ta gardama a kan ƙarshen Rabi shekara talatin da wani abu saboda ba a nemi izininsu ba kafin a rubuta shi.

Ga kuma batun maki. A Goodreads da Amazon mai karatu yakan ba littafi tauraro ɗaya zuwa biyar, a Wattpad ana ƙirga yawan waɗanda suka buɗe da waɗanda suka danna ƙuri'a, a YouTube ana duba yawan masu kallo. Lissafi ne mai sauƙin gani, shi ya sa yake da ruɗi. Yawan buɗewa ba ya nuna yawan waɗanda suka kai ƙarshe. Ƙuri'a kuma sau da yawa ta zumunci ce: 'yan ƙungiyarmu ne, ƙawata ce, ta yi mini a nawa. A zaurukanmu yabo ya yi arha har ya daina nuna komai. Kowane littafi ya yi ma'ana, kowace marubuciya alƙalaminta ya fi takobi, kowa Allah ya ƙara basira. Addu'a abu ce mai kyau, amma ba ta gaya wa marubuci inda labarinsa ya yi rauni. Wadda kuma ta yi ƙarfin hali ta ce tsakiyar littafin ya yi sanyi, ko jarumar ta sauya hali ba dalili, nan da nan masoya za su taso mata, a ce hassada ce, in ta isa ta rubuta nata. Tsakanin kirari da zagi, gurbin sharhi na gaskiya ya ƙuntata.

Ba abin mamaki ba ne da gasa ta sake samun daraja a wannan zamani. Tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata a 2016, marubuta da yawa da suke da dubban mabiya a waya suna ɗokin shiga, duk da cewa gajeren labari ake nema mai iyakantattun kalmomi. Dalilin bai tsaya ga kyautar kuɗi ba. Suna neman abin da zaure ba ya ba su: wanda zai karɓi aiki kammalalle, ya karanta shi daga farko zuwa ƙarshe ba tare da ya sa baki a tsakiya ba, sannan ya faɗi matsayinsa. Wato bayan mun yi doguwar tafiya daga hannun kwamiti zuwa hannun jama'a, marubuta da kansu suna waiwayen kwamiti. Wannan ya isa ya nuna cewa akwai gurbin da masu karatu suka bari.

Ba kira nake a koma zamanin ambulan da kan sarki ba. Wancan zamani ya tafi, kuma ya tafi da nasa matsalolin, ciki har da dilan da ke riƙe kuɗin marubuci da muryoyin da ba su taɓa samun hanyar fita ba. Zaure ya zauna, hirar da ake yi a cikinsa kuma tana da daɗinta. Abin da nake gani shi ne a raba abu biyu da suka cakuɗe. Ihun da ake yi ana tsakiyar labari nishaɗi ne, a yi shi, amma marubuci ya san ba umarni ba ne. Hukunci kuwa sai an gama, domin Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Marubucin da ya iya daurewa ya kammala littafinsa kafin ya saki shafin farko ya tsare wa kansa 'yancin da su Balaraba suka mora.

Mai karatu ma akwai abin da ke kansa. In ya rufe littafi, ya ba shi kwana biyu, sannan ya rubuta layi biyar ko goma: me labarin ya sa a gaba, ya kai ko bai kai ba, wane hali ne ya tsaya masa a rai, ina aka ja abin da bai kamata a ja ba, wa zai ba shawarar ya karanta. Ya faɗa da ladabi, ya kuma faɗi dalili. Marubutan Hausa na yau ba su rasa masoya ba, ba su rasa masu zagi ba. Waɗanda suka yi musu ƙaranci su ne masu karantawa har ƙarshe su faɗi gaskiya, kuma da irin waɗannan ne kaɗai marubuci yake gane abin da zai gyara a littafinsa na gaba.